Mai Karatu a Ɗakin Tsofaffin Mujallu

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan labarin ba a faɗinsa da ƙarfi. Wanda ya san zai kasa fita tsakar gida shi kaɗai bayan na gama, ya tashi tun yanzu.

Akwai wani malami, Nafi'u Haladu. Na san shi ido da ido, don a kwalejin koyon aikin gona inda na yi shekara shida ina buga takardu, nan yake koyarwa. Bai kai arba'in ba. Ya je ƙasar waje ya yi wata tara, ya dawo da wata kwamfuta siririya kamar faranti, da tabarau marar baki, da raini. Rainin ne ya fi yawa a cikin kayan.

In ya ga malami ya rungumo littattafai, sai ya taɓe baki ya ce, "Har yanzu kuna nan inda aka bar ku?" A ɗakin malamai kuwa kullum zancensa ɗaya ne: maƙala dubu goma sha ɗaya ce a cikin kwamfutarsa. Duk mujallar bincike da aka taɓa bugawa a kan ajiyar hatsi, in ji shi, tana ƙarƙashin ɗan yatsansa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa guda nawa ya karanta. Ni na ga yadda yake karatun. Zai buɗe maƙala, ya leƙa ɗan taƙaitaccen bayanin da ke samanta, ya buga kalmar da yake nema, kwamfuta ta cilla shi kan layin, ya kwashi lambar da yake so, ya rufe. Minti biyu. Wai ya karanta ke nan.

A bayan kwalejin akwai tsohon laburare, ginin dutse. A ƙarƙashinsa akwai ɗaki, sai an sauka matakala goma sha bakwai. Can ake ajiye tsofaffin mujallu, an ɗinke su shekara-shekara cikin bango mai kauri. Mai kula da wurin wani dattijo ne, Malam Isiyaku Rabe, shekararsa talatin da ɗaya yana riƙe da mabuɗin. Nafi'u maƙabarta yake kiran ɗakin, Malam Isiyaku kuma mai gadin kabari. Har takarda ya rubuta wa hukumar kwaleji, ya ce a kwashe tarkacen a zuba kwamfutoci. Aka kafa kwamiti, aka sa shi a ciki.

To, a shekarar nan ƙwari suka addabi wake. Manomi zai zuba buhu a rumbu, kafin wata uku ya zama gari. Aka nemi kwalejin ta shirya 'yar takardar bayani da malaman gona za su raba a ƙauyuka arba'in, yadda za a zuba wani garin magani a buhu. Aka ba Nafi'u aikin. Ya buga kalmominsa, ya faɗa kan wata maƙala da aka rubuta tun kafin a haife shi, wadda aka ɗauki hotonta aka ɗora a intanet. A jadawalinta an ce giram ashirin da biyar a kowane buhu. Ya kwashe, ya rufe.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya kai wa shugabar sashe ta sa hannu, don washegari da safe za a kai maɗaba'a. Farfesa Kubura Lawal tsohuwa ce mai jan biro, ba ta sa hannu a abin da ba ta karanta ba. Ta bi layi-layi, ta tsaya.

"Ashirin da biyar?" ta ce. "Ya yi min yawa."

"Haka yake a maƙalar, ranki ya daɗe. Ga shi ma." Ya juya mata kwamfutar.

Ko kallonta ba ta yi ba. "Wannan hoton mujalla ne. Muna da mujallar a ƙasa. Kawo min ita in gani da idona."

"Ai duk ɗaya ne, ranki ya daɗe."

"In ɗaya ne, ba za ta yi maka nauyin ɗauka ba."

Ya fito yana huci. A baranda ya ce da ni, "Tsofaffin nan sai sun shaƙi ƙura suke yarda ilimi ne." Ya wuce, takalminsa na ƙwas-ƙwas.

Rana ta yi ja sa'ad da ya isa laburare. Ɗalibai sun watse. Malam Isiyaku na tsugune a bakin ƙofa da butarsa, yana alwala.

"Baba, mabuɗin maƙabartarka."

Dattijon ya ƙarasa wanke ƙafa tukuna. Ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Malam Nafi'u, magariba ta kawo jiki. Ka bari sai da safe."

"Da safe ake kai aikin."

"To ka jira in idar da salla, mu sauka tare."

"Tsoron me? Ɓeraye?"

"Ba a sauka a wannan lokacin. Masu karatu ne a ciki."

Nafi'u ya yi dariya har da dafa bango. "Masu karatu! Baba, rabon da ɗalibi ya taka ɗakin nan tun yaushe? Gara ce kaɗai ke karanta kayanka."

Malam Isiyaku bai yi fushi ba. Ya ciro mabuɗin daga aljihu, ya riƙe shi ɗan lokaci kafin ya miƙa.

"In ka ga wani, ka yi masa sallama. Kuma kada ka kalli ƙasa."

Nafi'u ya fizge mabuɗin, ya shige.

Ƙofar ƙarfe ce. Ta buɗe ba ƙara, kamar an shafa mata mai a ranar. Ya danna makunni, ba wuta. Ya ja tsaki, ya kunna fitilar wayarsa, ya fara sauka.

Sanyi ya tarye shi tun daga matakala ta biyar, irin sanyin cikin randa. Wurin na warin tsohuwar takarda, da wani ƙamshi a ƙarƙashinsa, kamar an turara ɗaki jiya. Daga nesa ya jiyo ladan ya fara kiran salla. Da ya taka ƙasa, kiran ya yanke. Ba ƙarewa ya yi ba. Yankewa ya yi a tsakiyar kalma.

Kantoci ne jere, sun kai rufi. Ƙura ta kwanta a daɓe kamar an barbaɗa gari. Ya haska, sai ya ga sawu.

"Har awaki ke shigowa," ya ce a fili. "Wai laburare."

Amma sawun ya fi na akuya girma. Kuma ba a tsage yake ba, zagayayye ne. Biyu-biyu yake tafiya, ba huɗu-huɗu ba. Nafi'u ya gani sarai. Ya ɗauke fitilar daga kai, ya ce a ransa ba wannan ya kawo shi ba.

Ya bi lambobin kanta har ya iso layin da yake nema. Juzu'i na goma sha biyu. Na goma sha uku. Na goma sha biyar. Tsakaninsu gurbi, baƙi, ba ƙura a cikinsa.

Nan ya ji ƙarar.

Shaf.

Ƙarar buɗe shafi. Ya tsaya cak. Shiru ya yi tsawo, kamar tsawon lokacin da mutum zai karanta shafi guda a natse.

Shaf.

Daga can ƙuryar ɗakin take fitowa, inda ba taga, ba fitila.

Wani mai hankali da ya juya. Shi kuwa haushi ne ya kama shi, wai tsohon can ya bar wani ya kwana a ciki. Ya doshi wurin yana haskawa.

Tebur ne dogo. A ƙarshensa wani tsoho na zaune, farar riga, farin rawani, gemu har ƙirji. Ya sunkuya a kan wani ƙaton kundi. A cikin wannan duhun yake karatu, duhun da ko tafin hannunka ba za ka gani ba. Hasken waya ya sauka a fuskarsa, bai ƙifta ba.

Nafi'u bai yi sallama ba.

"Kai kuma wane ne? An rufe laburare."

"Na goma sha huɗu kake nema."

Muryar daga bayansa ta fito, dab da ƙeyarsa. Ya waiwaya da sauri. Ba kowa. Ya juyo, sai ya ga leɓen tsohon yanzu ne yake motsi, bayan maganar ta riga ta wuce.

"Zauna," in ji muryar.

Kujera ta taɓa bayan gwiwarsa. Bai ga wanda ya turo ta ba. Ya zauna.

Tsohon bai ɗago ba. Ya ƙarasa layin da yake kai, ya ɗora farcensa a wurin. Farcen dogo ne, baƙi.

"Kai ne mai dubu goma sha ɗaya."

Muryar ta ci gaba.

"Maƙalar da ka zo nema. Shafi nawa ce?"

"Ban... ban ƙirga ba."

"Goma sha tara. Wane irin wake ya gwada?"

Tsohon ya ci gaba da jero tambayoyi.

"A wane wata ya zuba maganin? Buhu nawa? Me ya sami kajin da ya ba wa ragowar?"

"Akwai kaji?" in ji Nafi'u, da wata 'yar murya da bai san yana da ita ba.

Tsohon ya ja tsaki. Ban taɓa jin tsaki irin wanda Nafi'u ya kwatanta ba. Ya ce ya fara daga wannan bangon, ya bi kantoci ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a wancan.

"Sau tara na karanta ta," in ji muryar. "Ba wata ta kirki ba ce. Amma wanda ya rubuta ta ya zauna. Kai kuma ka shafa gilashi, ka tsinci lamba guda kamar kaza, ka tashi kana cika baki."

Wayar ta suɓuce daga hannun Nafi'u, ta faɗi, ta mirgina ƙarƙashin tebur, fitilarta na kallon sama.

An ce masa kada ya kalli ƙasa. Ya kalla.

Tsohon ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kamar kowane mai karatu da ya sami wurin zama. Daga ƙarƙashin farar rigar, ƙafafun siraru ne, masu furfurar gashi. A ƙarshensu kofato. Na sama yana ɗan lilo a hankali.

Nafi'u ya kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ya yi layi ɗaya, ya yi na biyu, ya kakare. Ya koma farko, ya sake kakarewa a wuri guda. Shekara da shekaru daga waya yake karanta ta.

"Ci gaba mana," in ji tsohon. "In ka tsaya zan ɗora ka. Ni na haddace ta tun kakan kakanka bai yi kaciya ba."

Sai ya ɗora shi ɗin. Ya faɗi kalmar da ta ɓace masa, a natse, yadda malamin allo ke yi wa daƙiƙin ɗalibi. Nafi'u ya ƙarasa yana hawaye. Tsohon bai ɓace ba, bai ƙone ba. Kai kawai ya girgiza.

"Ita ma samanta kawai ka sani."

Ya turo kundin. Ya zamo a kan teburin shi kaɗai, ya tsaya gaban Nafi'u, a buɗe.

"Ɗauko fitilarka. Ku ba ku gani sai da ita."

Nafi'u ya laluba da ƙafa, ya jawo wayar, bai yarda ya sake sunkuyawa ba. Ya haska. Shafin ne. Jadawalin nan da ya sani, ga ashirin da biyar ɗinsa a zaune. Amma a gefen shafin an manna wata 'yar takarda, ba ta fi faɗin yatsu uku ba, ta yi ruwan ƙasa don tsufa.

"Karanta. Da ƙarfi."

Ya karanta. Gyara ne. An ce an yi kuskuren ɗab'i a jadawali na uku, ɗigo ya faɗi. Giram biyu da rabi ake nufi, ba ashirin da biyar ba. A ƙasa an ƙara layi guda: ashirin da biyar shi ne adadin da ya kashe kajin gwaji cikin kwana biyu.

"Sake karantawa."

Ya sake.

"Mai maƙalar a kujerar da kake kai ya zauna ranar da ya ga kuskuren," in ji muryar. "Ya yi kuka kamar mace mai naƙuda. Ya bi duk kwafin da hannunsa ya kai, ya manna wannan da kansa. Kwafin da ya tsallaka teku bai same shi ba. Shi aka ɗauki hotonsa aka zuba muku a gilashi. Kuna ta kwasa."

Nafi'u bai ji ƙarshen maganar sosai ba. Ƙauyuka arba'in yake gani. Buhuna a rumbu, buhuna a kasuwa. Tukwanen ƙosai da alale, da wake da shinkafar makarantun kwana. Ƙauyensu na cikin arba'in ɗin, kuma innarsa ba ta sayen wake, nata take ajiyewa. Ita ce za ta fara bin takardar, don sunan ɗanta na jiki.

"Na gode," ya ce. "Baba, na gode. Ka ceci rayuka."

"Ni ba ruwana da wakenku. Ba na ci. Kuskure ne ba na so."

Farcen nan ya miƙo. Hannun bai kamata ya kai ba, tsawon teburin ya fi kamu goma, amma ya kai. Ya ɓamɓare 'yar takardar a hankali, ko kusurwa bai yaga ba, ya ajiye ta a tafin Nafi'u. Da ɗumi take, kamar an ciro ta daga hammata.

"Kai wa matar. Ita tana karatu, ba laifi."

Nafi'u ya yunƙura zai tashi.

"Na karanta takardar da ka rubuta a kan ɗakin nan."

Ya koma ya zauna.

"Shafi biyu, kuskure goma sha ɗaya. Ka ce gara ce kaɗai ke amfana da kundayen nan. In kun kwashe su, a ina zan yi karatu?"

"Zan janye ta! Wallahi gobe zan janye!"

"Ban nemi rantsuwarka ba. Tambaya na yi."

A karo na farko tsohon ya ɗago kai. Nafi'u bai taɓa gaya wa kowa yadda idanun suke ba. In an tambaye shi sai ya tashi ya bar wurin.

"Tafi. Ka katse ni a tsakiyar shafi."

Ya tashi da gudu. Ya bugi kanta, ya faɗi, ya miƙe. Ya sami matakala. Yana hawa yana ƙirgawa, don ya san goma sha bakwai ce. Goma sha bakwai ta wuce. Ashirin. Talatin. A bayansa, ba gaggawa, yana jin ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti. Takalminsa ɗaya ya fita, bai tsaya ba. A ta arba'in da wani abu ya ji an ce, "Salamu alaikum," daga sama, haske ya buɗe.

Malam Isiyaku ne a bakin ƙofa, da carbi a hannu. Ba Nafi'u yake yi wa sallamar ba, ta kan kafaɗarsa yake kallo.

"A yi haƙuri," ya ce da duhun. "Yaro ne."

Ƙwas-ƙwas ɗin ya tsaya. Ya juya, ya koma ƙasa.

Nafi'u ya zube a baranda. Shi a lissafinsa ya fi awa biyu a ciki. Amma jan magariba bai gama dushewa ba, mutane yanzu suke fitowa daga masallaci. Malam Isiyaku ya miƙa masa buta.

"Ka yi sallama?"

Ya girgiza kai.

"Ka kalli ƙasa?"

Ya gyaɗa.

Dattijon ya kulle ƙofar, ya mayar da mabuɗin aljihu. "Yi alwala," ya ce.

Da a ce a nan labarin ya tsaya, da na ce Nafi'u ya yi sa'a. Amma ku ji halin mutum.

Washegari ya shiga ofishin Farfesa Kubura, ya ajiye mata 'yar takardar. Ta karanta, ta cire tabarau, ta daɗe tana kallonsa.

"A ina ka samo?"

"Bincike na zurfafa, ranki ya daɗe. Dama tun farko lambar ba ta kwanta min ba."

Ina wurin, ina riƙe da fayil. Na dube shi, ko kunya. Aka gyara takardar bayani, aka buga biyu da rabi, aka raba. Wake ya tsira, masu cin wake suka tsira. A taron malamai Nafi'u ya tashi ya yi jawabi a kan muhimmancin tantance bayanai, aka tafa masa.

Bayan mako biyu kwamiti ya zauna a kan ɗakin ƙasa. Kowa ya san shi ya kawo shawarar. Ya janye ya ce me? Ya ce aljani ne ya yi masa jarrabawa ya faɗi? Shi, mai wata tara a ƙasar waje? Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, ya kalli rufi, ya ɗaga. Farfesa Kubura kaɗai ta ƙi.

Da rana tsaka aka kawo babbar mota. Leburori suka yi ta jido kundaye suna watsawa kamar bulo. Aka sayar wa masu sayen takarda a awo. Wata guda duk mai sayen ƙosai ko balangu a bakin kasuwa, a cikin binciken wani bawan Allah ake ƙunsa masa. Malam Isiyaku ya tsaya a gefe yana kallo. Ya zaɓi kundi goma sha biyu, ya ɗaure a bayan kekensa, ya miƙa mabuɗi, bai sake dawowa aiki ba.

Nafi'u ya yi kwanaki yana jiran abin da zai biyo baya. Ba abin da ya faru. Ya sayi sabon takalmi, dariyarsa ta dawo. Har ya fara gaya wa kansa zazzaɓi ne ya kama shi ranar.

Wata Laraba ya makara a ofis. Rana ta faɗi, shi kaɗai ya rage a benen. Ya buɗe wata maƙala a kwamfuta, ya leƙa samanta, ya ja ta ƙasa da sauri yadda ya saba.

Sai ya ji sanyi a ƙeyarsa. Da ƙamshin nan na ɗakin da aka turara jiya.

Aka ja tsaki, dogo.

"Koma sama," in ji muryar, dab da kunnensa. "Ban gama ba."

Bai waiwaya ba. A baƙin gefen gilashin kwamfutar yana iya ganin wani fari-fari a tsaye bayan kujerarsa, ya sunkuyo. Ya mayar da shafin sama. Ya jira. Ya jira har gumi ya jiƙa masa riga.

"Ci gaba. A hankali. Wannan abin naku yana sa ido ciwo."

Shafi talatin da biyu ce maƙalar. Sai da suka karanta ta duka, har jerin sunayen da ke ƙarshe.

Tun daga ranar bai sake buɗe rubutu shi kaɗai ba. Ya canza ofis, ya canza kwamfuta. Ya nemi canjin wurin aiki zuwa wani gari, aka ba shi. Daren farko da ya kunna waya a sabon gida, aka ce masa ya ƙara girman rubutun. An kai shi wurin masu ruƙiyya har uku. Na ƙarshen ya daɗe yana karatu, sannan ya share gumi ya ce, "Wannan ba cutar da kai ya zo yi ba. Ya ce kai ka rushe masa wurin zama, kuma an gaya masa kana da dubu goma sha ɗaya."

Na gan shi bara a wani taro. Ya rame, tabarau ya yi kauri. Ana ta yabonsa, wai duk ƙasar nan ba mai bin maƙala layi-layi kamar Dakta Nafi'u. Yana zaune a gaba da kwamfutarsa, ya ɗan karkatar da ita gefen dama, yadda mutum ke yi in yana so na kusa da shi ya gani. Kujerar damansa ba kowa. Wata ɗaliba ta zo za ta zauna, ya ce mata da mutum.

Ɗakin ƙasan kuwa an yi masa fenti, an sa fanka da kwamfuta talatin. Na je gaida Malam Isiyaku a gidansa kafin ya rasu, na ba shi labarin abin da ya sami Nafi'u. Na ce ai ko ba komai yanzu ɗalibai sun huta, mai karatun ya bi wani. Sai ya ce, "Su bakwai ne a teburin nan. Ɗaya ne kawai ya sami wurin zuwa."

Don haka ku da kuke shirin shiga manyan makarantu, ku ji da kyau. In rana ta yi ja, ku tattara ku fito tare da jama'a. Kada ɗayanku ya sauka matakalar nan shi kaɗai, ko da wuta, ko da mabuɗi a hannunsa. In kuma kun ji an buɗe shafi a ɗakin da babu takarda ko ɗaya, ku yi sallama, ku fita da baya, idonku a sama. Shida na nan suna neman wanda za su bi.